Mutum Huɗu a Jirgi Ɗaya

 Yau tafiyar tamu mai nisa ce, har ƙasar Biyetnam da ke kudu maso gabashin Asiya, kuma za mu koma baya shekara hamsin da ɗoriya. Maganarmu a kan wasu sojojin Amurka ce da suka mutu a can, waɗanda aikinsu shi ne tuƙa jirage masu saukar ungulu da kula da su, da yadda abokan aikinsu da suka tsira suka ƙi yarda a manta da su. Na san wani zai ce ina ruwanmu da yaƙin da ba namu ba, yaƙin da Amurkawan kansu da yawa ba sa alfahari da shi. Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna. Ba yabon yaƙi ya kawo ni ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda ake tuna mamacin da ya faɗi a bakin daga, ba tare da an yi masa ƙarya ba, ba kuma tare da an yi wa waɗanda yaƙin ya cinye ƙarya ba.

Bari mu fara da lissafi. A tsawon yaƙin, Amurka ta kai jirage masu saukar ungulu kusan 12,000 zuwa Biyetnam, sama da 5,000 daga cikinsu ba su dawo ba, wasu an harbo su, wasu sun yi hatsari. Matuƙa da sauran ma'aikatan cikin jiragen da suka mutu sun kai kusan 5,000. Sojojin Amurka da yaƙin ya ci gaba ɗaya sun ɗan haura 58,000. Ke nan, cikin kowane mutum goma sha biyu da aka rasa, kusan ɗaya ma'aikacin irin wannan jirgi ne.

Dalilin yawan jiragen a bayyane yake. Ƙasa ce ta dazuzzuka masu duhu da tsaunuka da fadamun shinkafa, hanyoyin mota kuwa cike suke da nakiyoyi da kwanton ɓauna. Don haka kusan komai ta sama ake kai shi, sojoji ne, harsashi ne, abinci ne, ruwan sha ne, har da wasiƙun gida. In an ji wa wani rauni ta sama ake ɗauko shi, in ya mutu ta sama ake ɗauko gawarsa. Jirgin da ya fi yin wannan aiki shi ne wanda sojoji ke kira Huey, ƙirar kamfanin Bell, wanda kusan 7,000 irinsa suka yi aiki a can. Farfelarsa mai fiffike biyu ce, tana dukan iska da wata irin ƙara da ake ji tun daga nesa, kafin a ga jirgin.

Yanzu ku shigo ciki mu ga mutanen. Huɗu ne. A gaba akwai matuƙa biyu, da yawansu yara ne 'yan shekara goma sha tara zuwa ashirin da ɗaya, waɗanda ba su daɗe da gama sakandare ba aka horar da su a jihohin Texas da Alabama, aka ɗora musu jirgi. A baya akwai mutum biyu, kowa a bakin ƙofar da take a buɗe. Ɗaya mai bindiga ne. Ɗayan kuma makanike ne, kuma a wurin 'yan rundunar jirgin nasa ne, domin matuƙa suna canza jirgi, shi kuwa yana tare da nasa kullum. Da rana yana sama tare da su yana tsaron gefensa. In sun sauka da dare matuƙa su tafi su kwanta, shi kuma ya ɗauki tocila ya hau kan jirgin, ya duba mai, ya nemi inda harsashi ya huda, ya shafa noti guda ɗin nan da ke riƙe da farfela gaba ɗaya a can ƙoli, wanda in ya kwance babu sauran dabara. Jikin jirgin kuwa bai fi kwanon rufin ɗaki kauri ba, harsashin bindigar hannu ma yana ratsa shi, ga tankin mai a ƙarƙashin ƙafafunsu. Mutum huɗun nan ba su da ramin ɓuya, ba wanda zai iya gudu ya bar ɗan'uwansa. In jirgin ya faɗi, sau da yawa tare suke tafiya.

Kafin mu ci gaba, akwai wani abu da zai ba tsofaffinmu sha'awa. Karo na farko da aka yi amfani da jirgi mai saukar ungulu aka ceto mutane daga fagen yaƙi, a Burma ne, cikin watan Afrilun 1944, lokacin da wani matuƙin Amurka mai suna Carter Harman ya kwaso sojojin Ingila uku masu rauni da wani matuƙi, ɗaya bayan ɗaya, domin jirgin nasa ba ya iya ɗaukar fiye da fasinja guda. A wancan lokacin kakanninmu na rundunonin Afirka ta Yamma suna cikin dazuzzukan Burmar nan suna gumurzu da sojojin Japan. To abin da aka gwada a Burma shi ne ya girma ya zama sana'a a Biyetnam.

Wanda ya fi kowa kafa wannan sana'a shi ne Manjo Charles Kelly, mutumin jihar Jojiya. Ƙaramar rundunarsa ta ɗaukar masu rauni, mai lamba 57, ta isa Biyetnam a 1962 da jirage biyar kacal, kuma sunan da ake kiranta da shi a rediyon soja shi ne Dustoff. Kelly ya karɓi ragamarta a farkon 1964. A jiragensu babu mai babbar bindiga a ƙofa, ma'aikacin jinya ne a gurbinsa, sai jan kuros da aka zana a jikin jirgin. Wasu manya sun so a mai da alamar ta zama ta cirewa da mannawa, don a riƙa amfani da jiragen wajen wasu ayyuka in babu mai rauni. Kelly ya ce ba da shi ba. Hanyar da ya bi ya nuna musu gaskiyarsa ita ce ya yi ta tashi ba dare ba rana, cikin hazo da ruwan sama, a lokacin da sauran matuƙa ke ganin tashin dare ganganci ne. Dokarsa ita ce ba a ƙin amsa kira, kuma ba a tambayar ko mai raunin Ba'amurke ne ko ɗan ƙasa.

Ranar 1 ga Yuli, 1964, aka kira shi kusa da garin Vinh Long, a yankin da kogin Mekong yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Yana sauka aka buɗe masa wuta. Sojojin da ke ƙasa suka yi ta yi masa magana a rediyo cewa ya tashi ya bar wurin. Ya amsa musu cewa zai tashi in ya kwashi masu rauninsu. Bai daɗe da rufe baki ba harsashi guda ya shigo ya same shi a zuciya. Shekararsa 39.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Yaransa ba su ja da baya ba, sai ma suka ɗauki halinsa ya zama nasu, sunan Dustoff kuma ya bazu ya zama sunan kusan duk jiragen ɗaukar masu rauni a yaƙin. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, Patrick Brady, ranar 6 ga Janairu, 1968, ya kwaso mutum 51 cikin yini guda, sai da ya yi amfani da jirgi har uku saboda lalacewar da harbi da nakiya suka yi musu. Daga 1962 zuwa 1973 jiragen nan sun ɗauki mutane kusan 900,000, ciki har da fararen hula 'yan Biyetnam, har da abokan gaba da aka kama da rauni. Sun biya farashi kuwa. Inda babu filin sauka, sai jirgin ya tsaya cak a sama da bishiyoyi, a zura igiyar ƙarfe ƙasa a jawo mai rauni a hankali, minti bayan minti, duk mai bindiga a dajin yana kallonsu. Sama da mutum 200 na waɗannan rundunoni ne suka mutu, kuma ma'aikatan jinya da makanikai da ke zaune a baya sun fi matuƙa yawa a cikinsu. Ina jaddada wannan ne saboda in ana ba da labari sunan matuƙi ake riƙewa, na baya kuwa sai a ce "da ma'aikatansa", a wuce.

Yaya runduna take yi in ta rasa jirgi? Da yamma a bariki akwai gado huɗu da ba mai kwanciya a kansu. Abokai ne suke tattara kayan mamaci, wasiƙu da hotuna da agogo, suna dubawa kada a aika wa uwa abin da zai ƙara mata ciwon rai. Kwamanda ya zauna ya rubuta wa iyali takarda. A yi ɗan gajeren taro, a jera takalma da hulunan mamatan, limamin soja ya yi addu'a. Gari na wayewa a sake tashi, domin kira ba ya jira. Ga kuma wani tsari da ya ƙara tsananta abin. Kowane soja shekara guda yake yi, shi kaɗai yake zuwa, shi kaɗai yake komawa in wa'adinsa ya cika. Runduna ba ta dawo gida tare ba, balle ta zauna zaman makoki tare. Saurayi zai sauka a ƙasarsu ya tarar mutane sun gaji da yaƙin, wasu ma suna zaginsa. Sai ya ninke kakinsa ya sa a akwati, ya kulle bakinsa, sunayen abokansa kuma su zauna a ƙirjinsa shekara da shekaru.

Wani tsohon soja da aka ji wa rauni a yaƙin, Jan Scruggs, shi ya tashi a 1979 ya ce sai an rubuta sunayen nan a inda kowa zai gani. Da gudummawar jama'a aka tara kuɗin. Aka sa gasar zane, aka samu zane 1,421, wadda ta ci kuwa ɗaliba ce 'yar shekara 21, Maya Lin, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sin. An kai ruwa rana kafin a amince da zanenta, domin wasu sun ce bango ne baƙi da aka nutsar cikin ƙasa, ba gunkin jarumi, ba tuta. A ƙarshe aka buɗe shi a birnin Washinton ranar 13 ga Nuwamba, 1982.

Abu biyu ne suka sa nake ganin yarinyar nan ta fi dattawan da suka soke ta hangen nesa. Na farko, ba a rubuta muƙami a bangon ba. Janar da farabiti girman harafinsu ɗaya. Na biyu, ba a jera sunayen bisa haruffa daga farko zuwa ƙarshe ba, an jera su ne bisa ranar da kowa ya faɗi. Ku yi tunanin abin da wannan yake nufi ga ɗan rundunar jirage. Ya zo neman sunan matuƙinsa, yana ɗora yatsa sai ga sunan makanike a kusa, ga na mai bindiga a layin ƙasa. Waɗanda suka faɗo tare suna nan tare. Kusa da kowane suna akwai 'yar alama, ɗaya ta wanda aka tabbatar ya mutu, ɗaya ta wanda ya ɓace, in kuma an gano ƙasusuwan ɓatacce bayan shekaru sai mai sassaƙa ya zo ya gyara alamarsa. Mutane kan ɗora farar takarda a kan sunan nasu, su goga fensir a hankali har haruffan su fito, su ninke su tafi da ita gida. A maƙabartar sojoji ta Arlington ma akwai kaburburan da aka binne ma'aikatan jirgi ɗaya a rami guda, dutse guda ɗauke da sunayensu duka, saboda wuta ta hana a bambance wane ne wane.

A bangon na Washinton, cikin sunayen ranar 8 ga Afrilu, 1968, akwai Glenn Andreotta. A nan nake so mu ɗan zauna.

Makanike ne, ɗan shekara 20, a wani ƙaramin jirgin leƙen asiri mai ɗaukar mutum uku, na bataliyar jirage ta 123. Matuƙinsa Hugh Thompson ne, mai shekara 24, mai bindigarsu kuma Lawrence Colburn, ɗan shekara 18. Da safiyar 16 ga Maris, 1968, aka tura su shawagi a kan wani ƙauye da ake kira My Lai a lardin Quang Ngai, don su tsare sojojinsu na ƙasa daga harin abokan gaba. Suka yi ta zagaye, ba wanda ya harbe su, amma ko'ina gawarwaki, kuma mata ne da tsofaffi da ƙananan yara. Suka ga wani kwalbatin ban ruwa cike da mutane. A hankali abin ya bayyana musu cewa sojojinsu ne suke kashe mutanen ƙauyen.

Thompson ya sauka ya yi wa hafsan da ke wurin magana, aka ce masa ya kama gabansa. Da suka sake tashi sai suka hango wasu mutane kamar goma suna gudu zuwa wani ramin ɓuya, sojoji na biye da su. Ya sauke jirginsa a tsakanin sojojin da mutanen. Ya ce wa Colburn da Andreotta, in sojojin nan suka buɗe wuta a kan mutanen, su ma su buɗe musu. Ku ji da kyau, jama'a, yara biyu ne aka ce su juya bakin bindiga kan 'yan ƙasarsu masu kaki irin nasu, kuma suka tsaya. Thompson ya je da ƙafarsa ya lallashi mutanen suka fito, ya kira abokansa masu manyan jirage suka kwashe su.

Suna kan hanyar tafiya shan mai suka sake bi ta kan kwalbatin, sai Andreotta ya ce ya ga motsi. Suka sauka. Shi ne ya shiga ciki, yana taka jini da gawarwaki, yana ɗaga wannan yana kauce wa wancan, har ya zaro wani ƙaramin yaro da rai. Ya miƙa shi sama, suka ɗora shi a cinya suka kai shi asibiti a garin Quang Ngai. Hukumomin Biyetnam sun lissafa mutum 504 da aka kashe a ranar, binciken sojan Amurka kuma ya ce 347.

Bayan mako uku aka harbo jirgin da Andreotta yake ciki, ya mutu. Duniya ba ta ji labarin My Lai ba sai a watan Nuwamban 1969, lokacin da ɗan jarida Seymour Hersh ya fallasa shi. Ke nan Andreotta ya tafi kabari ba wanda ya san abin da ya yi sai waɗanda suke wurin. Wani abin takaici kuma, rundunar soja ta ba shi lambar yabo bayan rasuwarsa, amma takardar lambar ƙarya aka shirya a ciki, aka nuna kamar ya ceci yara ne daga tsakiyar musayar wuta da abokan gaba, alhali babu abokin gaba ko ɗaya da ya yi harbi. An yabe shi ne don a rufe laifin wasu. Thompson ma an ba shi tasa lambar da irin wannan labari, ya jefar da ita. Da ya ba da shaida a kan abin da ya gani sai ya zama abin ƙi, ana aika masa da wasiƙun barazana, wani babban ɗan majalisa ma ya nemi a hukunta shi. Mutum ɗaya tak kotun soja ta kama da laifin kisan, Laftanar William Calley, shi ma ɗaurin talala ya yi a gida na 'yan shekaru aka sake shi.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Shekara talatin bayan haka rundunar soja ta yarda za ta ba Thompson lambar jarunta ta gaskiya. An so a yi abin a asirce, shi kaɗai. Ya ce bai yarda ba sai a bainar jama'a, kuma sai an haɗa da yaransa biyu, mai rai da mamaci. A watan Maris na 1998, a gaban bangon nan na Washinton inda sunan Andreotta yake, aka karanta abin da ya faru kamar yadda ya faru. A ganina wannan ita ce tunawa ta haƙiƙa da aka yi wa Andreotta, domin lambar farko ba shi ta tuna ba, wani mutum ta ƙago ta sa masa sunansa. Thompson ya rasu a 2006, Colburn yana zaune a bakin gadonsa. Colburn ya bi shi a 2016.

Tunda mun zo nan, adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. Ƙarar farfelar da take sanyaya zuciyar soja mai rauni, ita ce take tsinka hanjin manomi a gonar shinkafarsa, domin akwai jiragen da aikinsu ruwan wuta ne da rokoki, kuma sun kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 1995 gwamnatin Biyetnam ta ce mayaƙanta kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari ne suka mutu, fararen hula kuma kusan miliyan biyu, ban da sojojin Biyetnam ta Kudu sama da 200,000. Su ma suna da ranarsu ta tunawa, 27 ga Yuli, suna da maƙabartu irin ta Truong Son mai kabari sama da 10,000, kuma har gobe akwai iyalai dubbai da ke neman inda ƙasusuwan 'ya'yansu suke. Duk wanda zai tuna matuƙan Amurka da zuciya ɗaya, dole ya bar wa waɗannan wuri a cikin zuciyar tasa.

To wa ya riƙe sunayen 'yan rundunonin jirage dalla-dalla? Su da kansu ne. A 1983 tsofaffin matuƙan suka kafa ƙungiya, na baya ma suka kafa tasu. Suka shiga wani aiki na haƙuri, suna bin takardun soja da littattafan tashi da saukar jirage, suna tambayar duk wanda ya rage da rai. Lambar da ke jikin wutsiyar jirgi, ranar da ya faɗi, wurin da ya faɗi, wa ke kujerar dama, wa ke ta hagu, wa ke ƙofa. Albarkacin wannan, 'yar da aka haifa bayan mahaifinta ya tafi tana iya samun wanda ya yi tashin ƙarshe tare da shi, ya gaya mata yadda yake dariya da irin abincin da ba ya so. Rundunoni da yawa suna taron shekara-shekara, kuma ba a watsewa sai an miƙe an karanta sunayen mamatansu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya suka nemi a ba su ɗan wuri a Arlington su kafa dutsen tunawa, hukumar soja ta ce babu fili. Suka yi ta zarya zuwa majalisa, dattawa masu furfura, har aka amince. Ranar 18 ga Afrilu, 2018, aka buɗe dutsen, ɗan ƙarami ne, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, da hoton Huey a jikinsa, kuma an rubuta cewa na matuƙa ne da ma'aikatan jirgi baki ɗaya. A 2024 kuma aka sa hannu kan dokar ba ma'aikatan Dustoff lambar zinariya ta majalisar ƙasar, shekara sittin bayan mutuwar Kelly.

Yanzu mu dawo gida, domin irin wannan aiki ana yin sa a samanmu. Ranar 2 ga Janairu, 2019, jirgin sojan saman Nijeriya mai saukar ungulu ya faɗi a Damasak ta jihar Borno yana taimaka wa sojojin ƙasa, mutum biyar da ke cikinsa duk suka rasu. Ranar 14 ga Agusta, 2023, wani jirgin ya je Zungeru ɗaukar sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna, ya taso da su zuwa Kaduna, ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja. Hedikwatar tsaro ta ce mutum 36 aka rasa tsakanin harin da faɗuwar jirgin. Aikin Kelly ke nan suka je yi, ɗauko ɗan'uwa mai rauni daga inda mota ba ta zuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba iyayensu da matansu da marayunsu haƙuri. A 2024 kuma rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya ta karɓi jiragenta guda biyu, kuma Huey ne, irin dai wanda muka yini muna magana a kansa. Za a sa 'ya'yanmu a ciki, biyu a gaba, wasu a baya.

Muna da ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu, ana ajiye furanni, ana sakin tantabaru, manya su yi jawabi. Ban raina wannan ba. Amma mutum nawa ne a cikinmu za su iya kiran sunan ko mutum guda daga cikin biyar ɗin Damasak? Mu ba al'adarmu ba ce gina gumaka a kan kaburbura, kuma ba shi nake kira a yi ba. Muna da namu hanyoyin, muna yi wa mamaci addu'a da sadaka, muna mai da sunansa ga jariri, muna riƙe marayunsa. Abin da muke sakaci da shi shi ne rubutu. Jikokin waɗanda suka je Burma da yawa ba su san bataliyar kakansu ba, ba su san inda aka binne ƙanin kakan da bai dawo ba, domin waɗanda suka sani sun tafi da saninsu.

Saboda haka ga roƙona gare ku iyaye, da ku matan da aka bari da yara, da ku sojojin da kuka ajiye kaki. In akwai naku da ya faɗi a bakin aiki, ku sami littafi ku rubuta cikakken sunansa da lambarsa ta soja da rundunarsa, da ranar da abin ya faru da wurin, da sunayen waɗanda suke tare da shi a motar ko a jirgin. Ku nemi abokan aikinsa tun suna raye, ku naɗi muryarsu a waya, su faɗi abin da suka gani da idonsu, mai daɗi da mara daɗi. Ku ajiye takardun haƙƙinsa a wuri guda, domin marayunsa za su buƙace su. Ku kuma 'yan rundunar da kuka tsira, ku kuka san wanda yake zaune a baya, ku sa sunansa a layi ɗaya da na hafsa.